Gaisuwar Tsaye

Ruwan safe ya ɗauke tun hantsi, amma har azahar darbejiyar tsakar gidan Baba Filibus kafinta ba ta daina ɗiga ba.

Briskila, autar gidan, tana kwance rigingine a kan gadon katakon da babanta ya ƙera mata, mai tauri kamar daɓe, don likita ya ce katifa mai laushi ba tata ba ce yanzu. Maganin da ta sha bayan abinci ya fara jan idonta. Ba barci take ba, ba kuma a farke take ba. Tana jin ɗigar ruwa cikin bokiti, tana shaƙar ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, can kuma sai ta ga kanta a gonar gwaji ta Dutsi, inda saurayinta Habila yake aikin malamin gona. Geron ya fi ta tsawo, ya fitar da kai, iska na kaɗa shi. Ita kuwa gudu take yi a tsakaninsa, mayafinta na tashi, babu ciwo ko kaɗan a jikinta. Habila na biye da ita yana dariya, yana cewa, "Malama, ki tsaya mana, za ki karya min gero."

Ta ɗan motsa don ta waiwaye shi. Nan take bayan ya tuna mata da kansa, gonar ta ɓace, sai rufin kwano da igiyar shanya.

Wata huɗu ke nan da ranar da babur ɗin da ya ɗauko ta daga makarantar firamaren da take koyarwa a Sandamu ya kauce wa saniya, ya zube da su a gefen titi. Mai babur ya tashi ya karkaɗe wandonsa. Ita ce ba ta tashi ba. Daga Daura aka wuce da ita Kano, likitocin ƙashi suka buɗe bayanta suka ɗaure ƙasusuwa biyu da ƙarfe. Ranar sallama babban likitan ya ƙirga wa iyayenta dokoki da yatsunsa: kada ta sunkuya, kada ta tsuguna, kada ta durƙusa, kada ta ɗauki abin da ya fi kwanon ruwa nauyi, har sai ƙashi ya kama. In ta karya ɗaya ƙarfen na iya gocewa, in kuwa ya goce, ƙafafun ne za su tafi.

Gidan kuwa ya tsaya mata. Mahaifiyarta Mama Laraba ta bar sana'ar ƙosanta, ita ce wanka, ita ce juya ta, ita ce ɗaura mata ɗamarar nan mai tauri da likita ya bayar. Baba Filibus ya kafa mata katakai biyu dogaye a tsakar gida, ya goge su sumul, tana dafawa tana koyon tafiya yana ƙirga mata taku. 'Yan Zumuntar Mata na majami'a kowace Alhamis suna zuwa da tulunsu na kiɗa su yi mata waƙa da addu'a. Har maƙwabciyarsu Hajiya Maijidda ba ta taɓa fashin aiko da kunun gyaɗa ba, ita ce dama wadda ta hana su tashi daga Daura shekarun baya, lokacin da aka fara Shari'a wasu baƙi suka yi ta ɗaure kaya.

Daga taku uku Briskila ta kai taku ashirin ba tare da dafa komai ba. Lafiya dai tana samuwa. Abin da ke neman kuɓuce mata daban ne.

Kafin haɗarin, Fasto ya riga ya karanta sanarwar aurenta da Habila sau biyu a majami'a. A ƙa'idarsu sau uku ake karantawa, Lahadi uku, sannan a ɗaura aure. Saura ɗaya tal ƙaddara ta gitta. To maganar ta daɗe a rataye, har dattawan ikilisiya suka ce ya isa: gobe Lahadi, ko dai a karanta ta ukun, ko a miƙe a gaban jama'a a janye biyun farko.

Wanda zai yanke kuwa shi ne mahaifin Habila, Dattijo Mainasara. Kuma a kunnensa akwai ƙanwarsa, Gwaggo Kande.

Ni fa ban ce Gwaggo Kande muguwa ba ce. Ita ta goya Habila tun yana shekara biyu da mahaifiyarsa ta rasu, ita ta yi jinyar ƙyandarsa, ita ta sayar da akuyoyinta ya je makarantar noma. Amma baiwar Allahn nan in ta ƙulla abu a ranta, ko Fasto sai dai ya tattara takardunsa ya ba ta hanya.

Mako uku da suka wuce ta zo dubiya. Ta tarar da Briskila a tsakanin katakan nan biyu, gumi na zuba. Briskila ta sunkuyar da ido, ta ce, "Sannu da zuwa Gwaggo, ina wuni?" A tsaye ta faɗa, don ba ta da yadda za ta yi.

Gwaggo ta dube ta daga sama har ƙasa. Mama Laraba ta yi ta bayani, likita ya ce, likita ya hana. Gwaggo ta ce, "Ai na gani." Ko kunun da aka kawo mata ba ta taɓa ba.

Abin da ta je ta faɗa a gida, kafin Alhamis 'yan Zumunta sun kawo shi kaf. Cewa ta yi, "Yaya, yarinya ta gaishe ni ƙiƙam kamar soja. In ba ta ga dama ba ne, babu tarbiyya. In ba ta iya ba ne, babu lafiya. Ka zaɓi ɗaya. Wadda ba ta tsuguna wa surukai ba, ta yaya za ta tsuguna a gaban murhu, balle ta yi goyo?"

Ba a rufa mako ba sai ga wata Rahila, 'yar ƙawar Gwaggo daga Kafur, wai ta zo hutu. Hutun me, ana tsakiyar noma? Yarinya ce mai durƙuso, ko gishiri za ta miƙa maka sai gwiwoyinta biyu sun taɓa ƙasa.

Dattijo Mainasara bai ce e ba, bai ce a'a ba. Mutum ne da kan yi wuni bai yi magana goma ba. Ya dai ce wa ɗansa, "Ranar Asabar bayan la'asar zan je in gani da idona. Kafin nan kada ka taka gidan."

Yau ce Asabar ɗin.

Briskila ta saurara. Ta ji Mama ta fita ƙofar gida, ta ji zarton Baba na ci a zaure, inda shagonsa yake. Sai ta mirgina gefe gaba ɗayanta yadda aka koya mata, ta sauko da ƙafafu, ta miƙe. Ta kama ƙafar gadon da hannu biyu, ta cije leɓe, ta fara lanƙwasa gwiwa a hankali.

Wani abu kamar allura mai zafi ya tsarga mata daga ƙugu har diddige. Ta runtse ido, ta ƙara yin ƙasa kaɗan.

"Auta."

Mama Laraba ce a bakin ƙofa, riƙe da kwanon kunun Hajiya Maijidda. Ba ta yi ihu ba. Ta ajiye kwanon, ta zo ta sa hannu biyu a hammatar 'yarta ta ɗago ta, ta mayar da ita gado, ta gyara mata matashi. Sai da ta gama duka sannan ta zauna a bakin gadon.

"Tun yaushe kike yin wannan?"

Briskila ta juya fuska bango. "Kwana uku."

"Kwana uku. Ni ina can ina gode wa Allah kin fara tafiya, ke kina nan kina neman ki mayar da mu Kano."

"Mama, sau ɗaya ne kawai." Hawaye ya gangaro mata har cikin kunne. "Sau ɗaya zan durƙusa, in gaishe da baban Habila, in miƙa masa ruwa, shi ke nan. Ya gani da idonsa na iya. Bayan nan ko shekara zan yi ban sake ba."

"In kuma a sau ɗayan ƙarfen ya goce fa?"

Briskila ta ja bakin mayafi ta share ido.

"Ina tambayarki, Auta."

"To ya zan yi? Gobe a gaban kowa Fasto ya miƙe ya ce an janye? Ina sonsa, Mama. Kunya ba ta taɓa barina na faɗa miki ba, yau na faɗa. Ina sonsa, kuma tsoro nake ji."

Mama Laraba ta daɗe tana kallonta. Sannan ta kamo hannunta ta rufe ido.

"Ya Uba, kai ka ɗauko yarinyar nan daga gefen titi, kai ka riƙe hannun likita. Ga ta nan tsoro na so ya sa ta karya kanta. Ka cire mata shi. In Habila rabonta ne, ka ba ta shi tana tsaye da ƙafafunta. In kuma ba rabonta ba ne..." Ta ƙara damƙe hannun 'yarta. "Ka ba mu ƙarfin da za mu ce mun gode. Cikin sunan Yesu."

Mama ta ce amin. Briskila ta buɗe baki, amin ɗin ya ƙi fitowa. Mama ta ji sarai, ba ta matsa mata ba, ta dai shafa goshinta ta fita.

Briskila ta sake lulawa cikin mafarki. Wannan karon ɗakin da Habila ya kama musu a Dutsi ta gani, wanda sau ɗaya ta taɓa leƙa shi. Ta ga labulen da ta saya mai ruwan ganye a rataye, ta ga kanta tana shara, tana sunkuyawa tana ɗagowa yadda ta ga dama. Tana cikin jera kwanuka ta ji ana ƙwanƙwasa taga, ta ce a ranta wane ne kuma da rana tsaka.

"Malama."

Ta buɗe ido. Tagar gaske ce, wadda ke saitin kanta, mai kallon lungun bayan shago. Ta cikin wayar sauro ta hango goshi da idanu biyu da ta fi sani a duniya.

Yadda aka yi, wai benci Habila ya ɗauro a bayan babur ya kawo gyara. Baba Filibus ya juya bencin ya duba, ya ga da hannu aka zare ƙusar, ga ma shatin filaya sabo fil. Ya kalli saurayin ta saman tabarau, ya ce, "Wannan gyaran zai ɗauki lokaci. Ka zaga lungu ka sha iska." Shi dai an ce kada ya taka gidan, to lungu ba gida ba ne.

"Malam," ta ce a hankali. "Babanka ya hana ka zuwa."

"Benci na kawo."

Duk da hawayen da ke fuskarta sai da ta yi murmushi. Shi bai yi ba.

"Mama ta fito tana share ido, ta gaya wa Babanki abin da ta kama ki kina yi. Na ji da kunnena. Briskila, ashe haka za ki yi min?"

Rabon da ya kira sunanta tun a asibiti.

"Don kai nake yi."

"Don ni? Ni na kwana tara a barandar asibiti ina roƙon Allah ya bar miki ƙafafunki. Ranar da babban yatsanki ya motsa, a gaban nas-nas na yi kuka, ban ji kunya ba. Yanzu ki ɗauki ƙafafun ki je ki ajiye a gaban Gwaggo, ki ce don ni ne?"

"In ban durƙusa ba za su ba ka Rahila."

"Sai su ba ni in gani. Ni buhun taki ne da za a ɗauka a ba wani?"

"An ce ta iya tuwo."

"Ta iya. Na ci, na gode, na wanke hannuna."

"An ce kyakkyawa ce."

"Ban duba ba."

"Ƙarya kake, Malam."

Ya sosa ƙeya. "To na duba. Ba ke ba ce."

Ta rufe fuska da mayafi, kuka ya ƙwace mata. Ya kafa goshinsa a jikin wayar tagar har ta lotsa.

"Ki saurare ni. In Baba ya ce a janye, a janye. Zan nemi canjin wurin aiki, mu tafi Funtuwa ko Zariya, mu sami wani faston ya ɗaura mana. Na riga na yi tunaninsa."

Ta yaye mayafin. "A'a."

"Me ya sa?"

"Mutumin da ya rasa matarsa ya ƙi sake aure saboda kai, shi za ka bari da tsufansa? Gwaggo da ta goya ka fa? In na raba ka da su, duk ranar da muka yi faɗa sai ka tuna. Ni ma kuma ba zan iya zaman auren da babu albarkar iyaye ba. Ba haka aka koya mana ba, kai ma ka sani."

"To ki zauna da ƙafafunki ke nan, ni in rasa ki?"

"Ko in durƙusa."

"Ko ki durƙusa ki gurgunce, in aure ki a keke, in riƙa tuna ni na jawo." Ya girgiza kai. "Zan aure ki a keken, kin sani. Amma kada ki sa ni ɗaukar wannan. Ki yi min alkawari."

Ta kalli rufin kwano. Wata 'yar rana ta ɓullo ta wani ƙaramin rami, ta sauka a kan zanenta.

"Ba zan yi alkawarin da ban san ko zan cika ba."

"Briskila."

"Ka yi min addu'a kawai. Ni tawa ta ƙi fita yau."

Ya yi. A tsaye a lungu, da takalmansa cikin taɓo, ya yi ta a hankali yadda ita kaɗai za ta ji. Bai iya dogayen kalmomi irin na Fasto ba, sai maimaita abu ɗaya yake, Ubangiji ka riƙe ta, Ubangiji ka riƙe ta. Tana jin muryar tana nisa tana dawowa, har aka kira la'asar a masallacin unguwa.

Ba a jima da sallame salla ba suka iso.

Dattijo Mainasara dogo ne siriri, furfura fat, yana dogara sanda saboda ciwon gwiwa. Gwaggo Kande na bayansa, ta sha ɗauri. A zaure ya tsaya ya ce wa Baba Filibus, "Na ga babur ɗin yaron nan a lungu. A bar shi inda ya ɓuya, ya ji da kunnensa."

Baba Filibus ya fito da kujera mafi kyau a cikin waɗanda ya ƙera. Dattijo ya girgiza kai, ya nuna tabarmar da aka shimfiɗa a gindin darbejiya. Da ƙyar ya kai ƙasa, ya miƙe ƙafa ɗaya, ya ajiye sandar a gefe. Ni kam da na ga haka na ce shi ke nan. Da a kujera ya zauna, ko ɗan rusunawa ta yi ya wadatar. Amma mutum yana ƙasa, ta yaya za ka miƙa masa ruwa kana tsaye a kansa?

Aka gaisa, aka tambayi damina, aka tambayi mai jiki. Sannan Gwaggo ta gyara murya.

"To, a kira ta mana ta kawo wa Yaya ruwa."

Mama Laraba ta shiga ɗaki. Ta ɗaura wa 'yarta ɗamarar, ta rufa mata mayafi a kai, ta sa mata kwanon sha a hannu. Ta dai riƙe fuskarta da tafuka biyu na ɗan lokaci, sannan ta ɗaga mata labule.

Briskila ta fito.

Tsakar gidan ta yi mata faɗi kamar ba ta san ta ba. Rana ta yi sanyi, komai ya yi wani haske mai ruwan zuma, ganyen darbejiya na sheƙi. Ji take kamar har yanzu a cikin mafarkin nan take, kamar ba ƙafafunta ke tafiya ba. Ta wuce katakan ba ta dafa ba. Ruwan kwanon na rawa amma bai zuba ba. A gefe ta ji Babanta na ƙirga taku ƙasa-ƙasa, bai ma san yana yi ba. Goma sha ɗaya. Goma sha biyu.

A na goma sha bakwai ta iso bakin tabarma.

Ta riga ta yanke tun a ɗaki: za ta durƙusa. Ta ja numfashi, ta saki gwiwarta ta dama kaɗan. Allurar nan ta tsarga mata. Sai ta ji ƙirgar Baba ta tsaya cak.

Ta dube shi. Tsoho ne mai taurin rai, ko a asibiti ba ta ga hawayensa ba. Yanzu ya damƙe katakon da ya goge mata da hannu biyu, bakinsa a buɗe, kamar shi ne zai faɗi. Bai ce kada ta yi ba, don ba zai kunyata ta a gaban surukai ba. Kallonta kawai yake.

Ta mayar da gwiwar ta miƙe sosai, ta fuskanci Dattijo Mainasara.

"Baba, ina wuni." Ta sunkuyar da ido. "Ku gafarce ni. Na fito da niyyar in durƙusa muku, Allah ya sani. Ba zan iya ba. Likita ya ce in na yi zan iya rasa ƙafafuna, kuma ƙafafun nan ba nawa ba ne ni kaɗai. Mutanen nan wata huɗu ba su huta ba a kaina. Ba raini ba ne, Baba. Ban taɓa raina ku ba."

Hawaye na ɗiga cikin mayafinta, ba ta da hannun sharewa.

Dattijo ya ɗago ya dube ta. "Har yaushe?"

"Sun ce wata shida. Wataƙila shekara." Ta gyara riƙon kwanon. "Wataƙila kuma ba zan ƙara tsugunawa kamar da ba. Ba zan ɓoye muku ba."

"Ka ji ko, Yaya?" in ji Gwaggo. "Da bakinta ta faɗa. Ni ba ƙinta nake ba, tausayinta ma nake ji. Amma yaron nan shi kaɗai gare ka. Wa zai yi masa girki? Haihuwa fa?"

"Likita ya ce babu abin da zai hana ta haihuwa," Mama Laraba ta amsa daga bakin ƙofa. "Girki kuma Babanta ya ce zai ɗaga mata murhu."

"A ɗaga murhu, a ɗaga turmi, a ɗaga tabarma. Surukan ma sai a ɗaga su?"

Daga zaure, inda Habila ya koma ya laɓe, aka ji wani abu ya faɗi, aka kuma yi tsit.

Briskila ta tsaya da kwanon a hannu. Ta san ta rasa shi. Abin mamaki, a daidai lokacin ne amin ɗin da ya maƙale mata tun azahar ya fito, a hankali, ita kaɗai ta ji abinta. Ya yi mata ciwo ƙwarai, amma ya fito.

Dattijo Mainasara ya daɗe yana kallon ƙafafunta. Sannan ya jawo sandarsa.

"Filibus, ba ni hannu."

Gwaggo ta fara gyara mayafi, a zatonta tafiya za a yi. Baba Filibus ya zo ya kama shi. Tashin bai zo da sauƙi ba, gwiwar ta yi ƙara, ya koma, ya sake yunƙurawa, sai a karo na biyu ya tsaya da ƙafafunsa yana haki. Bai nufi ƙofa ba. Ya matso gaban Briskila, ya miƙa hannu biyu ya karɓi kwanon.

"Lafiya lau, 'yata," ya ce. "Ya jiki?"

Ta gyaɗa masa kai.

Ya kafa kai ya sha, a tsaye, har ya shanye. Ya goge baki da bayan hannu, ya juya wajen Baba Filibus.

"A gaya wa Fasto, gobe ya karanta ta ukun."

Mama Laraba ta toshe baki da zane ta jingina da bango. Briskila kuwa kuka take sosai, kafaɗunta na girgiza, bayanta a miƙe.

"Yaya," in ji Gwaggo daga ƙasa, muryarta ta yi sanyi. "Me ke nan? Kai da girmanka za ka miƙe wa yarinya?"

Ya dube ta, ba da faɗa ba.

"Kande, shekara talatin ina dattijo a majami'ar nan. Ban taɓa ganin amarya ta shigo wani ya ci gaba da zama ba. Ke ma tashi."

Gwaggo Kande ta daɗe tana kallon saƙar tabarma. Sannan ta dafa ƙasa da hannu ɗaya, ta miƙe.